Mazarƙwailar da Na Hana Malam

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da likita ya gaya mini a banza na hana mijina zaƙi ba. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, ina share hawaye.

Malam manomin rake ne a wata fadama kusa da Kazaure. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin ya sha koko babu mazarƙwaila ba. Da aka ce ciwon daji ne a hanjinsa, matan unguwa suka ce ai cutar nan zaƙi take ci, in aka hana ta yunwa za ta kashe ta. Na yarda. Na tattara mazarƙwaila da zuma na kulle a akwati, na ƙulle mabuɗin a bakin zanena.

Kullum da safe sai ya kurɓi kokon ya yamutsa fuska. "Uwargida, ko ɗan gutsure? Na rasa wa ya fi tsanani, ke ko cutar." Ni kuwa in ce, "Yi haƙuri, Malam, ka warke ka sha har ka gaji." Wata biyar muna haka, yana ta ramewa, har ya daina roƙo.

Da muka koma asibiti a Kano, likita ya ce abin ya kai hanta. Na ce, "Ɗan nan, ta yaya? Wallahi ko ɗigon zaƙi ban ba shi ba."

Ya ajiye bironsa ya dube ni. "Iya, ba sukarin da ake sha ne ya jawo ba. Jiki da kansa yake ƙera wani irin sukari, ko tuwo zalla aka ci, yana lulluɓe ƙwayoyinsa da shi. Cutar sai ta sauya nata lulluɓin, ta ɓalle ta bi jini, masu gadin jiki ba su gane ta ba, ta je ta manne a wani wurin. Ki ba shi abin da ransa yake so."

Muna isa gida na buɗe akwatin, na dama koko, na narka masa mazarƙwaila da yawa. Ya kurɓa, ya kasa haɗiyewa. Ya yi murmushi ya ce, "Bari kuka, uwargida. Harshe dai ya ji." Bayan kwana tara ya rasu.

Na koyi cewa kafin ka hana mara lafiya ɗan abin da ya rage masa na jin daɗi, ka tambayi masani tun ranar farko, ba sai wata na biyar ba. Har yau kokona gaya nake sha.