Jiragen Yaya Rakiya Ba Na Sayarwa Ba Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin haɗa shayi labari ya iske ni: Yaya Rakiya ta rasu.



Ga waɗanda ba su san ta ba, tare muke ɗinkin abaya a unguwar Mansur, nan garin Harami, kekena yana jikin nata shekara da shekaru. Lokacin da ciwon baya ya kwantar da ni, ita ta ƙarasa ɗinkunan da ke hannuna, ta kai wa masu su, ta ce musu ni na ɗinka.

Aljihunta ba ya rabuwa da dabino. "Ci, ya ukhti, bakinki ya bushe."

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakinta ya san kabad ɗin gilashin nan. Ƙananan jiragen sararin samaniya ne a ciki, da 'yan mutum-mutumi masu hular kwano, na wani shirin talabijin da take kallo tana yarinya a unguwar Jarwal. Ɗaya bayan ɗaya ta tara su, kowanne a kwalinsa. Na taɓa tambayarta, babba da ita, me ta gani a jikinsu. Ta ce, "Irinmu ne. Duk duniyar da suka sauka sai an tambaye su daga ina suke."

Amma mace ce mai tsoron Allah. Ta tambayi malamin da ke mana karatu, ya ce jiragen babu laifi, masu siffar mutum kuwa a shafe musu fuska. Tare muka zauna. Ta cire hular, ta goge fuskar da abin goge farce, ta mayar da hular, ta rufe kwalin tsaf kamar ba a taɓa buɗewa ba. Da ta zo kan shugabar jirgin sai da ta daɗe tana kallonta. "Yi haƙuri, kyaftin," ta ce, sannan ta goge.

Yanzu kuma kai, ƙaninta. Ba zan kira sunanka ba, don darajar wadda ke kwance.

Ranar walimar auren 'yarta Maimuna ka tsaya gaban mutane ka ce ba ka salla a gidan gumaka. Ka ɗauki darduma ka fita bakin titi don kowa ya gani. Washegari ina kallon hawayen Yaya Rakiya suna ɗiga a kan yadin mutane.

Yau, ko wanka ba a yi mata ba, sai ga gumakan a status ɗinka. An jera su a kan gadonta. A ƙasa ka rubuta: "Na asali, ba a taɓa buɗewa ba, mai so ya yi magana."

Ashe ba su hana ciniki, salla kawai suke hanawa.

Ba zan ɓoye muku ba, na so in saya. Sau biyu ina rubuta masa "nawa" ina gogewa. Na ce in ban kwashe su ba, gobe suna hannun wani a Jidda wanda bai san ko sunanta ba. Har na fara tunanin inda kabad ɗin zai zauna a ɗakina.

Alhamis ɗin da ta wuce na je duba ta, numfashi yana mata wuya. Ta nuna kabad ɗin da haɓa ta ce, "Goge min ƙurar, tun da safe suke hararata." Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabuwarmu ke nan.

Wannan ya sa na so su.

Sai na zauna na yi wa kaina faɗa. Kayan gado ne, ba a raba ba. Maimuna tana kan hanya, ko gawar mahaifiyarta ba ta gani ba. In na miƙa masa kuɗina na zama abokiyar cin haƙƙi, kuma na saka wa wanda ya sa Rakiya kuka da alheri. Halas, ba zan saya ba.

Ku ma don Allah kada ku saya.

Ga masu tara irin waɗannan kaya da suka fara yi masa magana, ga shaidata, kuma zan maimaita ta gaban Allah: an buɗe kwalin kowane mutum-mutumi. Babu ko ɗaya mai fuska. Ku ce ya cire hular ya ɗauko muku hoto. Shi kansa bai sani ba, don duk shekarun da ya yi yana zaginta a kansu bai taɓa matsowa ya duba ba.

Na adana hoton status ɗin. Bayan kwana uku zan sa shi a hannun Maimuna da dattawan gidanku.

Na san yafiya ta fi lada, tun ina riƙe da allo aka koya mini. Wataƙila ita ta yafe maka, halinta ne. Ni dai ban yafe ba. Allah ya isa tsakaninka da ita. Yadda ka tsayar da ita gaban mutane, Allah Ya tsayar da kai gabanta ranar da ba a fita da darduma.

Za a sallace ta a Harami bayan La'asar.

Ya Allah Ka gafarta wa Rakiya, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka fuskarta. Ka ba Maimuna haƙuri, Ka tsare mata haƙƙinta. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, don zuciyata ba ta huce ba.