A'a ɗin Labaran

Ina cikin ɗaure kwalayen takalma a sitonmu na Deira, a Dubai, wayar Alhaji Zailani ta shigo. Ya ce, "Musbahu, sai haƙuri. Labaran ya yanke jiki ya faɗi a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa." Na yi salati, na zube a kan kwali. Allah Ya yafe mini, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne, yaya aka yi shi ya fara ji? Irin wannan tambaya ba halina ba ce. Labaran ne ya koya mini.

Labaran ɗan Fagge ne, abokina kuma abokin sana'ata. Da tuƙi ya fara a Dubai, yana jan wani tsohon Ba'italiye mai sayar da tayil. Tsohon akwai surutu, in cunkoso ya tsare su sai ya hau ba shi labarin kakanninsa, Rumawan dā. Daga nan Labaran ya kwaso ciwon. Ko shayi muke sha a unguwar Al Rigga sai ya sako su.

Labaran ya ce asalin Rumawa ɗan ƙauye ne a kan tuddai a bakin kogi. Sarkinsu na ƙarshe ya cika girman kai, suka kore shi, suka naɗa shugabanni biyu masu yin shekara ɗaya, kowanne yana iya taka wa ɗan'uwansa birki. Shi ya sa ranar da muka haɗa hannu muka fara tura wa 'yan kasuwar Kwari da ta Wambai a Kano kaya, ya kafa sharaɗi: in ɗayanmu ya ce a'a, magana ta mutu. A jikin kowane kwali kuma mukan rubuta sunanmu da baƙar maka mai kaurin rubutu, Labaran da Musbahu, shi a gaba don ya girme ni.

Ba zan ɓoye ba, mutum ne mai zargi. In ka yi masa kyauta sai ya juya ta ya duba ƙasanta. Amma shi ne ya kwana a kaina lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni, yana ɗura mini kunu yana yi mini tsiya.

Alhaji Zailani shi ne babba a layinmu, kwantena guda yake cikawa shi kaɗai. Ya daɗe yana cewa mu riƙa zuba kayanmu a tasa, ba ya son ko sisi, illa dai a buga tambarinsa a kwalin don sauƙin fitarwa. Ni na ga alheri. Labaran ya ce, "Mutumina, haka Rumawa suka cinye maƙwabtansu. Ba kullum da yaƙi ba. Su ce mu zama ƙawaye, mu kare ku, ba ma son haraji, ku dai ba mu samarinku in za mu fita. Kafin ka farga, hanyar garinku ma gidansu ta nufa. Ina Sanda?" Sanda maƙwabcinmu ne da ya shiga inuwar Alhaji. Yana nan lafiya, har ya yi ƙiba, sai dai a Kano ba mai cewa kayan Sanda yanzu, kayan Zailani ake cewa.

Gaskiya Alhaji ya yi ɗawainiya. Ashe direbansa ne yake kusa da Labaran lokacin da ya faɗi. Alhajin ne ya yi ta zirga-zirgar takardu, shi ya kira Mahfuza matar marigayi a Kano. A wurin zaman makoki ya dafa kafaɗata ya ce, "Khalas, shi ke nan, kai kaɗai ba za ka iya ba. Kawo kayan nan in rufa muku asiri, kai da marayu." Na dubi fuskarsa, ban ga mugunta ba. Amma Labaran ya sha cewa su ma Rumawan ba da mugun ido suke zuwa ba.

Na yi masa godiya, na ce a bar maganar. Na koma sito na ɗauki makar, na rubuta sunayen nan biyu yadda muka saba. Wataƙila na zalunci mutumin kirki. Wataƙila kuɗin kwantena ya durƙusar da ni kafin baɗi. Amma ba ni da ikon cewa e.

Ranar da Labaran zai tafi Jebel Ali tare muka hau abra, kwalekwalen da ke tsallaka ruwan Deira. Na sake tayar da maganar Alhaji, ya ce a'a. Na ji haushi, na ce, "Kai da Rumawanka! To in ɗaya shugaban ya yi tafiya fa, na gida ba zai yanke hukunci ba?"

Ya yi dariya ya ce, "A'a ɗinsa yana nan a gida, ba ya tafiya da shi."

"In ya daɗe bai dawo ba fa?"

"Sai ka jira ni, sarkin gaggawa. Yalla, maza sauka, ka tare wa mutane hanya."