Na kai ƙarar mai gadin fitila Diffa

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, mu uku: ni da bulamanmu, wato mai unguwarmu, da wata dattijuwa maƙwabciyata wadda ba ta yarda a yi tafiya babu ita. A cikin jakata akwai takarda, ni na rubuta ta da hannuna. Saboda ita muka nufi Diffa.

Ga yadda abin yake. Tun da rikici ya sa muka baro Bosso muke zaune a wani zango na bakin kwalta, wajen mararrabar Geskeru. Bara aka kafa mana fitilun titi masu aiki da rana, ɗaya ta faɗo daidai ƙofar gidana. Aka ɗora Malam Modu, wani ɗan gudun hijira daga ƙasar da ke tsallaken ruwa, ya riƙa kula da su ana ba shi ɗan abin sabulu. Bayan damina sai tawa ta fara ciwo. Ta kama da magariba, kafin a yi isha ta mutu. Sauran duk lafiya lau. Mata suka fara cewa ai Malam Modu yana caja wa mutane waya, to da wace wuta? Wata ta ce ya cire batirin kirki ya sa tsoho. Ni ban ga ya yi ba. Amma duhun a ƙofata yake, kuma ni kaɗai ce a cikin mata na yi ajin yaƙi da jahilci, sai aka ce in rubuta. Na rubuta, har da sunansa da garin da ya fito. Kun san a wannan zamani idan sunan baƙo ya shiga takardar ƙara, ba a kan fitila kaɗai ake tsayawa ba. Na sani a lokacin, ban dai tsaya na yi tunani ba.

Babu babur, an hana, don haka muka jira mota. Wata tsohuwar akori-kura ta zo shaƙe da buhunan tattasai, kowa jika ɗaya da rabi. Dattijuwa ta ce da wannan kuɗin a da har Maine ake kai mutum a ba shi ruwan sha. Direba ya ce to ta jira motar da. Muka hau kan buhuna, tattasai ya shiga mana hanci, tun daga nan har gari atishawa muke, bulama yana yi yana neman gafara kamar laifi ne.

Hanya tana da ramuka, amma shingaye sun fi ramukan cin lokaci. Sau uku muka sauka, kowa ya ɗaga katinsa, maza su ɗaga riga. Wani soja ɗan yamma ya tambayi dattijuwa shekarunta, ta ce masa ta haifi uwarsa, ya yi dariya ya ce ta wuce. Ta hannun hagu, can nesa, ana hango duhun itatuwan kogin Komadugu. Gonakin da ke kusa da hanya an ja musu ruwa da inji sun yi kore shar, na kusa da kogi kuwa ciyawa ta cinye su, babu mai zuwa. Bukkokin leda da zana sun jeru a bakin kwalta har ido ya gaji.

Mun shiga Diffa da hantsi. A tasha muka sha shayi da burodi da ƙosai. Ƙosan ƙanana ne kamar ana jin tsoron mai, amma yajin ya yi. Daga nan muka taka zuwa ofishin da ke kula da fitilun. Sakatare ya karɓi takardata, ya karanta yana gyaɗa kai, ya buga mata hatimi, ya sa a cikin wata jar jaka. Ya ce irin wannan, idan akwai zargin sata kuma baƙo ne, kwafi ɗaya wajen jami'an tsaro yake tafiya. Sannan ya ce mu shiga ɗakin ciki mu faɗa wa mai na'ura wace fitila ce.

Mai na'urar yarinya ce ƴar Damagaram, ba ta wuce sa'ar ƴata ta fari ba. Ta ba mu kujeru, ta juyo mana da allon kwamfuta. Sai ga kwaltarmu a zane, ga ɗige-ɗige a jere, kore kore, ɗaya ja. Ta ce kowace fitila tana da ɗan akwati a wuyanta da layin waya a ciki, kamar na salula. Kullum tana aiko da labarinta: hasken ranar da ta sha, wutar da ta rage mata, lokacin da ta kama da lokacin da ta mutu. Idan rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke sai ta riƙe labarin, in ya dawo ta aiko. Ta ce daga nan kujerar tana iya rage musu haske ko ta kashe su duka idan hukuma ta ce a kashe.

Bulama bai yarda ba. Sai yarinyar ta ce in kira gida. Na kira ƴata, na ce ta fita ta dubi fitilar ƙofar masallaci. Yarinyar ta taɓa wani abu, sai na ji ƴata a waya tana cewa ga ta nan ta kama da rana tsaka, mutane sun taru suna kallo. Dattijuwa ta ja kujerarta baya, ta ce a kashe kada a ce mu ne.

Sannan ta buɗe labarin ja ɗin, wato tawa. Ta ce batirin da aka sa ranar farko shi ne har yau, kuma ba a taɓa buɗe akwatin ba, don da an buɗe da ya sanar da ita nan take. Ta nuna mana wani layi yana gangarowa a hankali tun ƙarshen damina. Ta ce wannan hasken ranar da farantin saman fitilar yake sha ne, kullum yana raguwa kaɗan kaɗan, kamar wani abu yana taruwa a kansa.

Ta dube ni ta ce, "Inna, akwai itace a kusa da ita? Ko wani yana ƙona wani abu a gindinta?"

Ƴan'uwa, ni mai banda ce. Sana'ar da na taso da ita ke nan a Bosso, kuma da aka sassauta dokar hana sana'ar kifi na koma mata. Da ƙarshen damina na ɗauko rabin gangar da nake gasa tarwaɗa na kafa a gindin fitilar nan, don in riƙa ganin abin da nake juyawa da magariba. Hayaƙin kifi kuwa maiƙo gare shi, duk wadda ta yi banda ta san yadda yake baƙanta rufin ɗaki. Wata huɗu ina tura shi sama.

Bulama ya san gangar, dattijuwa ma ta sani, har tana zuwa ɗanɗano. Dukkansu suka sunkuyar da kai suka bar ni da maganar. Na ce a hankali, "Ƴata, ni ce." Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce za ta turo masu tsani su wanke farantin, in dai na ɗauke wutar daga wurin.

Na koma wajen sakatare na roƙe shi takardata. Ya ce abin da aka buga wa hatimi ba ya fita, sai dai in rubuta wata in janye, a haɗa su tare kafin a aika. Ya ba ni biro da farar takarda. Ni rubutuna manya ne kuma a hankali nake yi, ga mutane a layi suna jira. A tsaye na rubuta cewa Malam Modu bai taɓa komai ba, hayaƙin kifina ne, na sa sunana. Ya karanta da ƙarfi don ya tabbatar, kowa ya ji. Wani mutum a baya ya tambaya ko na zo da kifin.

Ba mu ci abincin rana ba. Dattijuwa ta sayi dabino ta tura mini a hannu.

Mun iso da la'asar sakaliya. Ban shiga gida ba, na wuce wajen Malam Modu. Na tarar da matarsa ta ɗaure kayansu a zane biyu, tukwane a cikin buhu, don labarin tafiyarmu ya riga ya kai musu. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da abin da na rubuta a kansa.

Ya ce, "Yaya, ai na ga hayaƙin tuntuni. Amma ke ƴar ƙasa ce, kuma da kifin nan kike ciyar da yara. Ni baƙo, da wane baki zan ce ki ɗauke?"

Ya ce wa matarsa ta kwance kayan. Sannan ya tashi ya kama kunne ɗaya na gangar, ni na kama ɗaya, muka kai ta bayan gida.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne. Fitila tana iya gaya wa Diffa abin da ke damunta ba tare da kowa ya hau mota ba. Mutumin da ke tsakanina da shi taku ashirin kuwa ya kasa gaya mini, ni kuma ban taɓa zuwa na tambaye shi ba. Yanzu idan mata suka ce in rubuta sunan wani, sai na fara zuwa ƙofarsa na yi sallama.