Sunan Yaya a Jikin Taransifoma

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Farfesa Sanusi, kuma wallahi bana na fi jin haushi a madadinsa fiye da kewarsa.

Rabin rayuwarsa ya ƙarar a jami'a yana koyar da injiniyancin lantarki. Daga ƙaramin malami ya fara, ya yi digirin digirgir a kan yadda ake kare taransifoma daga ƙonewa, ya yaye ɗaliban da yau wasunsu farfesoshi ne. Amma da ya sauka garinmu Gummi, shi mai gyara ne kawai. Inna ma tsohuwar rediyonta take ajiye masa.

Wannan bai taɓa damunsa ba. Abin da ke tayar masa da hankali taransifomar unguwarmu ce. Duk sanda fis ya ƙone, wato siririyar wayar nan da ke tsinkewa idan kaya ya yi yawa, sai a samo waya mai kaurin yatsa a ɗaura a gurbinsa. Yaya ya yi bayani a masallaci, ya yi a wajen suna, har zane ya yi a ƙasa da tsinke: fis yana tsinkewa ne don taransifoma ta tsira. A ce masa Allah ya ƙara ilimi, ya hau mota, a mayar da waya.

Bayan rasuwarsa taransifomar ta ƙone ƙurmus. Mun daɗe cikin duhu kafin a kawo sabuwa bana. Dattawa suka ce a girmama marigayi, aka rubuta sunansa da jan fenti a jikinta. Na ji daɗi, har na yi ƙwalla.

Ba a yi sati biyu ba na tarar da Garba mai gyaran wuta a kan tsani a jikin sabuwar taransifomar, da ƙatuwar waya a hannu.

"Malam, mi kaka so in yi?" in ji shi. "Wagga ba ta tsinkewa. Mutane sun gaji."

Na tafi wajen dattawan raina a ɓace. Na ce su zaɓa: ko a cire wayar, ko a cire sunan ɗan'uwana.

Ilimin Yaya yana nan a hannun ɗalibansa, yana tsare wutar garuruwan da bai taɓa takawa ba. Allah ya jiƙansa. A unguwar da aka haife shi kuwa, washegari da safe aka aiko Garba da farin fenti.