Man Ƙosai a Injin Kawu

Asuba ta yi mana a mota, ni da 'yata mai karatun kimiyyar sinadarai da jarkarta a but ɗin motar. Kaoje muka nufa, gonar yayan mahaifiyarta, wanda tsadar dizal ta sa shinkafarsa ta fara yaushi. Ita kuwa ta yi masa alkawarin man da ta haɗa da hannunta daga tsohon man suya.

Mun karya a Bagudo da soyayyen kifi. Tsadarsa ta sa na ci ƙaya har da kai.

Da muka haye kogin Kwara sai shingen jami'an kwastam. A yankin nan duk jarkar da ta fuskanci ƙasar Benin fetur ɗin fasa-ƙwauri ce sai an ga akasi, don haka aka ce mu sauke. Wani jami'i ya buɗe jarkar, ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Alhaji, wanga ai ƙamshin ƙosai shikai."

Nan 'yata ta yi masa bayani a natse. Ta ce man suya da sinadarin metanol mai ɗauke da soda ba sa gauraya, kowa gefensa yake tsayawa. Sai ta zuba ɗan wani gishiri mai shiga kowane ɓangare, yana ɗauko sinadarin yana kai wa man yana komawa, kamar mai kwalekwale, har man ya zama dizal ba tare da zafi mai yawa ba. Jami'in ya rufe jarkar da kansa. Ni dai na tsaya ina gyara hula.

Kawun nata ya fi jami'in taurin kai. Da muka isa gonar ya zagaya injin ban-ruwansa, ya ce shi kaɗai gare shi, in ya ƙone shi da shinkafar sun tafi tare. Daga baya ya matsa gefe.

"Zuba, ɗiyata. In ya lalace ubanki na nan."

Ta zuba, ta ja igiyar tayarwa. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ta sake ja, ya kama, ruwa ya kwararo cikin fadama yana bin kunya-kunya.

Mun iso gida da magariba, rigata na warin suya. Tafiyar ta koya mini cewa yarinyar da nake yi wa faɗan wanke-wanke ta wuce ni nesa, kuma wallahi daɗi na ji. Ina cire takalmi kawun ya kira ni a waya. Bai ko gaishe ni ba, ya ce in ba shi injiniya, wato 'yar tawa.