Ajin da ke da fanka

Ƙanena Yohanna ya shigo gidanmu a Tirkaniya, ya watsa littattafai uku a kan tabarma kamar wanda ya kawo itace. Adabin Turanci ne, sababbi fil.

Ni a zamanina wannan darasin na fi so a duniya. Muna shiga aji huɗu malaminmu ɗan Ghana ya koma ƙasarsu, makaranta ta soke darasin, aka tura mu ajin Kwamas, wato kasuwanci, kamar awaki. Na gama, na shiga masaƙa a Kakuri, ina karanta duk abin da na samu a gwanjo. Sai da aka kawo sabon tsarin sakandare na SS aka dawo da darasin, daidai kan Yohanna.

Na ce, "Kai da ko jarida ba ka buɗewa, me ya kai ka Adabi?"

Ya ce, "Yaya, ajinsu ne kaɗai ke da fanka."

Washegari na je na roƙi firinsifal ya bar ni in riƙa zama a bayan aji ranar da ba ni da aiki. Ya dubi gemuna ya ce, "Ɗana, naka ya wuce."

Jiya, bayan shekaru masu yawa, Yohanna ke faɗa wa 'yarsa wai bai ma tuna sunan littattafan ba. Ni na tuna, har launin bangonsu. Har yau kujerarsa ta ajin nan nake kishi, ba takardar shaidarsa ba.

Ku wane darasi aka hana ku, aka ba wanda iska ya je sha?