Littattafan Azaratu a Hannun Barkisu

Duk makanikin da ya taɓa neman boris ko fambel na mota a Suame Magazin, unguwar makanikai, ya san shagon Azaratu Mamudu. Shago ne ɗan ƙarami, tsakanin mai walda da mai gyaran kujerun mota. Na mahaifinta ne, ta karɓe shi tana da shekara ashirin da uku, lokacin da ciwon ƙafa ya zaunar da tsohon a gida. In ka miƙa mata tsohon boris, takan juya shi a hannu sau ɗaya ta faɗa maka lambarsa da motar da aka ciro shi.

Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, amma shago ya riƙe ta shekara goma sha shida. Ƙawarta Barkisu ce ta tado mata da maganar karatu. A gida ɗaya suka tashi a Zango, ɗakunan iyayensu suna kallon juna, makarantar allo ɗaya suka yi. Barkisu sakatariya ce a wani ofishin inshora, kuma an ce mata ba ƙarin girma sai da difloma. Ta samo wata kwaleji mai zaman kanta da ke karatun Asabar da Lahadi, ta zo har shago ta ce, "Ni kaɗai ba zan iya ba, Azaratu. Mu shiga tare."

Suka shiga. Kowane mako darussa huɗu, kowane darasi da asaimen ɗinsa: kasuwanci, tattalin arziki, lissafi, da nazarin zamantakewa. Dole a tura su ta shafin kwalejin kafin sallar Juma'a. Azaratu ba ta da kwamfuta, ba ta kuma iya bugawa ba. Sai suka yi shiri: ita za ta rubuta nata da hannu, ranar Laraba ta kai wa Barkisu littafin, Barkisu ta buga a ofis ta tura mata. Azaratu ta ba ta lambar sirrinta ta shafin ba tare da ta yi tunanin komai ba.

Azaratu ta ji daɗin karatun nan fiye da yadda ta zata. A kan kanta take rubutu, tsakanin mai saye da mai saye, takardun har suna ɗaukar baƙin mai. Da aka tambaye su me ke sa farashi ya tashi, ta rubuta yadda takalmin birki ke tsada a Magazin duk lokacin da darajar kuɗin sidi ta faɗi, da yadda direbobin torotoro, motocin haya, ke komawa kan na hannu. Da aka zo nazarin zamantakewa, ta yi bayanin yadda masu shago ke sasanta rikici a tsakaninsu ba tare da an je ga 'yan sanda ba. Malamin tattalin arziki, Malam Zuberu, ya taɓa karanta wani sashe na aikinta a aji.

Littattafan da ta cika suna wurin Barkisu. In ta tambaya, sai Barkisu ta ce, "Suna aljihun tebur a ofis, zan kawo miki." Har suka kai biyar.

A mako na goma sha ɗaya na zango na biyu, kwalejin ta kira su su biyu. An gano cewa aikinsu iri ɗaya ne a makonni da dama, sai ɗan sauyin kalmomi. Azaratu ba ta taɓa ganin abin da Barkisu ke turawa ba. Ta tare ta a tashar mota ta tambaye ta.

Barkisu ta fashe da kuka. Ta ce aikin ofis ya yi mata yawa, lissafin ba ya shiga kanta, sau ɗaya ta fara ɗauka sai abin ya zama jiki. "In suka kore ni, aikina ya tafi," in ji ta. "Ki rufa min asiri. Mu ce tare muke karatu, shi ya sa ya zo ɗaya. Gargaɗi kawai za su yi mana."

Ran Azaratu ya ɓaci ƙwarai, amma ta yarda.

Ranar zaman kwamitin bincike na kwalejin, Barkisu aka fara kira. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta dubi bencin da Azaratu ke zaune ba, ta wuce. Azaratu ta shiga, ta gaishe su, ta faɗi abin da suka shirya: tare suke karatu.

Shugabar kwamitin ta ce, "Ba haka ƙawarki ta ce ba. Ta ce ba ki iya kwamfuta ba, kin roƙe ta ta riƙa ba ki nata, ita kuma ta ji nauyinki. Ga kwamfutarta, duk aikin a ciki aka rubuta shi. Kuma kowane mako nata ne ke fara shigowa."

Azaratu ta musa. Ta ce ita ce ta rubuta, da hannunta, akwai littattafai biyar. Aka tambaye ta ina suke. Ta ce suna wurin Barkisu. Aka kira Barkisu a waya a gabanta, ta ce ba ta san da wasu littattafai ba.

"Yanzu kika ce tare kuke yi," in ji shugabar. "Yanzu kuma kin ce ke kaɗai. Wanne za mu ɗauka?"

Malam Zuberu ya sa baki, ya ce wanda ya rubuta maganar takalmin birki ya san Magazin daga ciki. Aka ce masa Barkisu ta riga ta yi bayani: takan je shagon ƙawarta ta yi tambayoyi. An dakatar da Azaratu shekara ɗaya, an soke mata zangon. Barkisu ta samu gargaɗi.

Washegari Azaratu ta buɗe shago kamar kullum, amma sau biyu ta ba mutum kayan da ba nasa ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne da bakinta ta fara yi wa kwamitin ƙarya, don ta ceci wadda ta riga ta sayar da ita mintuna kaɗan kafin nan. Malam Zuberu ya ba ta shawarar ta ɗaukaka ƙara, ta nemi a zaunar da su biyu a ba su tambaya ɗaya. Kafin ta rubuta takardar, mahaifiyar Barkisu ta zo gidanta. Tsohuwar nan ita ta yi wa Azaratu wankan jego a haihuwarta ta fari. Ta zauna a tabarma ta ce, "'Yata, na san abin da ta yi. Don ni za ki bari."

"Mma, ni aka kira ɓarauniya," in ji Azaratu.

"Na sani."

Azaratu ba ta ɗaukaka ƙarar ba. Da shekara ta zagayo ta koma kwalejin, ta sake zangon daga farko, cikin ɗaliban da ba ta sani ba, waɗanda wasunsu sun riga sun ji labarin ta bakin da ba nata ba. Ta sayi tsohuwar kwamfuta, tana bugawa da yatsa biyu.

A wannan shekarar Barkisu ta gama. Ta shirya walima, ta aiko wa Azaratu yadi shida na atamfar da ƙawaye za su ɗinka. Azaratu ta rufe shago da la'asar, ta hau torotoro ta kai mata kayanta har ƙofar ɗaki.

"Na ɗauka komai ya wuce," in ji Barkisu.

"Na bari saboda Mma. Amma ba zan sa wannan in zo in yi miki guɗa ba."

Barkisu ta ce ta shigo ko ruwa ta sha. Azaratu ta ce tana sauri, ta leƙa ɗakin tsohuwar ta gaishe ta, ta tambayi jikinta, sannan ta fita neman motar gida.